Aya da Aya-aya: Tarihin Rarrabe Tsirrai Masu Kama da Juna

Hausawa kan ce a bambance aya da tsakuwa, amma a wajen masana tsirrai, bambance aya da danginta ya fi haka wuya. Wannan muƙala ta bi diddigin wannan ƙoƙari ne.

Aya tana cikin tsofaffin abincin ɗan Adam. An tono busassun 'ya'yanta a kaburburan tsohuwar Masar, kuma a zamanin mulkin Musulmi a Andalus nomanta ya kafu a yankin Balansiya, inda har yau ake yin abin sha irin kunun aya. A shekarar 1753 Carl Linnaeus ya raba ta da 'yar'uwarta, ya kira aya Cyperus esculentus, aya-aya kuwa Cyperus rotundus. Alamomin a fili suke. Furen aya ruwan ɗorawa ne, 'ya'yanta suna fitowa ɗai-ɗai a ƙarshen saiwa, ga zaƙi. Furen aya-aya ja ne mai duhu, 'ya'yanta a jere kamar carbi, ga ɗaci. Hausawa sun riga sun raba su da suna, kamar yadda J. M. Dalziel ya tattara a ƙamusunsa na tsirrai na 1916.

Inda gizo ke saƙar shi ne cikin ayar kanta, domin wadda ake nomawa da ta daji jinsi ɗaya ne. A ƙarni na 19 Boeckeler ya keɓe ta noma da sunan sativus. Georg Kükenthal ya ƙara kasa ta daji kashi-kashi a littafinsa na 1935 zuwa 1936. A 1995 Schippers da abokan aikinsa suka sake auna furanni, suka tsaya a kan iri huɗu: esculentus, leptostachyus, macrostachyus da heermannii. Sai dai binciken ƙwayoyin gado na De Castro da abokansa a 2015 ya nuna cewa dangantakar tsirran ta fi bin yankin da suka fito, ba siffar fure ba.

Wannan ba gardamar suna kawai ba ce. A 1977 Holm da abokan aikinsa suka sa aya-aya a matsayi na ɗaya cikin miyagun ciyayin duniya, ayar daji kuma na 16. Ke nan tsiron da yake amfanin gona a Maraɗi, annoba ne a gonakin Amurka da Turai. Masana sun daɗe suna duban busasshen fure a ma'adanar tsirrai, manomi kuwa abin da ke ƙarƙashin ƙasa yake dubawa. Duk rarrabewar da za ta amfani gona sai ta haɗa duban biyu.