Jan ɗigon da ke tsakiyar allon kwamfuta: Mene ne amfaninsa?

Duk wanda ya taɓa aiki da kwamfutar tafi-da-gidanka ƙirar ThinkPad zai lura da wani ɗan jan ɗigo na roba a tsakiyar allon madannanta, tsakanin haruffan G da H da B.

Wasu kan ɗauka ado ne kawai, alhali kuwa linzami ne, wato yana yin aikin na'urar nan da ake ja a kan tebur don juya kibiyar da ke fuskar kwamfuta.

Akwai kuma ƙananan allunan madannai masu zaman kansu da ke ɗauke da wannan tsinke, waɗanda ake haɗawa da kowace irin kwamfuta. Batun ya shafi lafiyar wuya da kafaɗa da hannun masu daɗewa suna rubutu, kamar ɗalibai da malaman jami'ar kimiyya da fasaha da gwamnatin jihar Kebbi ta kafa a Aliero a shekarar 2006, da kuma masu shagunan buga takardu a garuruwa irin su Jega da Maiyama.

Asalinsa

Wani mai bincike Ba'amurke, Ted Selker, shi ne ya fara tunanin wannan tsinke a shekarar 1984.

Abin da ya ja hankalinsa shi ne lokacin da mai rubutu ke ɓatawa: ɗauke hannu daga kan haruffa zuwa linzami yana cin kimanin kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa, dawowa ma haka. Ga mai yin hakan sau ɗaruruwa a yini, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Daga bisani ya inganta ƙirar a kamfanin IBM tare da Joseph Rutledge, kuma a shekarar 1992 kamfanin ya fitar da ita a jikin kwamfutocin ThinkPad da sunan TrackPoint.

Kamfanonin Toshiba da Dell da HP su ma sun sa irinsa a wasu kwamfutocinsu, musamman na ma'aikata. A shekarar 2005 ne kamfanin Lenovo na ƙasar Sin ya sayi sashen ƙera ƙananan kwamfutoci na IBM, ya kuma gaji jan ɗigon.

Yadda yake aiki

Tsinken dai kusan ba ya motsi. A gindinsa akwai wasu ƙananan ma'aunai da ke auna ƙarfin turin yatsa da kuma ɓangaren da aka tura.

Idan aka tura a hankali, kibiya ta tafi a hankali. Idan aka ƙara ƙarfi, sai ta ƙara sauri.

A ƙarƙashin dogon madannin ba da tazara akwai maɓallai uku da ake dannawa da babban yatsa. Na hagu da na dama suna aikin maɓallan linzami, shi kuwa na tsakiya ana danne shi ne a tura tsinken don gangarawa ko haurawa a shafi.

Wani lokaci kibiyar kan ci gaba da tafiya ita kaɗai. Idan hakan ta faru, ɗauke yatsa ake yi na 'yan daƙiƙoƙi, na'urar ta daidaita kanta.

Me ya sa allo na daban?

Babbar matsalar kwamfutar tafi-da-gidanka ita ce fuskarta da allonta a haɗe suke.

Idan aka ajiye ta daidai da hannu, dole a sunkuyar da kai. Idan kuma aka ɗaga ta daidai da ido, sai hannuwa su rataye a sama.

Mafita ita ce a ɗora kwamfutar a kan wani abu, ko da tarin littattafai ne, sannan a yi rubutu da allo na daban a ƙasa.

To sai dai cikakken allo mai madannai 104 yana kai faɗin santimita 45 ko kusa da haka, saboda rukunin lambobin da ke gefensa na dama. Wannan na tura linzami can nesa, har mai aiki ya riƙa miƙa hannu, kafaɗarsa ta dama tana buɗe tsawon sa'o'i.

Ƙaramin allo mai tsinke yana kawar da rukunin lambobin da linzamin baki ɗaya. Wanda Lenovo ya fitar a shekarar 2020, mai suna TrackPoint Keyboard II, faɗinsa kimanin santimita 30 ne, ba shi da waya, kuma cajinsa ake yi. Kafin shi akwai mai waya na shekarar 2013.

Duk da ƙanƙantarsa, tazarar da ke tsakanin haruffa tana nan kusan milimita 19, kamar ta babban allo, don haka yatsu ba sa takura.

Wani amfanin kuma shi ne ba ya buƙatar shimfiɗaɗɗen tebur. Ɗalibin da ke zaune a kan tabarma ko gadon ɗakin kwana zai iya ɗora shi a cinya.

Inda ya gaza

Tsinken na buƙatar sabo, kuma sabon shiga kan sha wahalar saita kibiya a kwanakin farko.

Juya kibiya ma kansa ba kowa ne ya saba da shi ba. Bayan da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a shekarar 2015, sai da ta ɓullo da tsarin madannai takwas a 2017, domin ɗalibi ya iya amsa tambayoyi ba tare da ya taɓa linzami ba.

Haka kuma yawan tura tsinken da ƙarfi na iya gajiyar da yatsa, musamman idan robar kansa ta suɗe. Ana canza robar, ana kuma iya ƙara saurin kibiya don rage ƙarfin turi.

Akanta ko mai shigar da sakamakon jarrabawa zai ji rashin rukunin lambobi. Shi ma ɗalibin zanen injiniya zai fi samun daidaito da linzami.

Sannan allon bai rabu biyu ba, saboda haka wuyan hannu na iya ɗan karkacewa waje kamar a kowane allo na yau da kullum.

Masu rubutun Hausa su sani cewa samun haruffan ɓ da ɗ da ƙ bai danganta da ƙirar allon ba. Ana samunsu ne ta hanyar zaɓen tsarin Hausa a cikin manhajar Windows.

Zama ya fi na'ura

Aliero ta yi suna da albasa da kuma masu ɗori. Amma ciwon da zaman kwamfuta ke jawowa ba karaya ba ce, sannu a hankali yake taruwa a jijiyoyi da tsoka.

Ƙa'idojin da masana lafiyar ma'aikata ke bayarwa ba su da wuya: saman fuskar kwamfuta ya yi daidai da ido ko ƙasa kaɗan, nisanta kimanin tsawon hannu, gwiwar hannu kusa da jiki, wuyan hannu a miƙe, ƙafafu a ƙasa, kuma a riƙa tashi ana motsa jiki.

Wanda ba shi da halin sayen allo mai tsinke zai iya samun mafi yawan wannan amfani da ƙaramin allo mai araha da linzami a kusa da shi. Wanda kuma ke jin yatsunsa na mutuwa ko suna tsira, ya ga likita.

Makomarsa

Faifan shafa da yatsa da ke gaban allon kwamfuta ya mamaye kasuwa, kuma kamfanoni da dama sun daina sa tsinken.

A watan Janairun 2025, Lenovo da kansa ya gabatar da ThinkPad X9 ba tare da jan ɗigon ba. Sai dai a shekarar 2023 kamfanin PFU na Japan ya fitar da ƙaramin allo mai suna HHKB Studio da tsinke a tsakiyarsa, abin da ke nuna cewa ƙirar tana da masu nemanta a cikin waɗanda rubutu ne sana'arsu.