Tarihin Gyaran Na'urorin Ɗaukar Murya a Yankin Bagudo da Iyakar Benin

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana yammacin Jihar Kebbi, a yankin da Kogin Kwara yake ratsawa bayan shigowarsa Nijeriya, kuma garuruwanta irin su Illo da Lolo da Tsamiya suna dab da iyakar Jamhuriyar Benin, iyakar da ta samo asali daga yarjejeniyar Ingila da Faransa ta shekarar 1898. Nisan yankin daga Kano da Legas, tare da kusancinsa da kasuwannin ƙasashen renon Faransa, shi ya tsara yadda na'urorin ɗaukar murya suka iso hannun jama'arsa, da kuma yadda sana'ar gyara su ta zama ginshiƙin duk wani ƙaramin ɗakin ɗaukar waƙa.

Kafin zuwan kaset, garmaho da faifansa kayan masu hali ne, kuma ɗaukar murya aiki ne na kamfanoni da gidajen rediyo, irin gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, sai dai bai bazu a ƙasar Hausa ba sai a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya cika kasuwanni da rikodojin National da Sony da Sharp. Daga nan ne waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Sani Aliyu Ɗandawo, haɗe da tafsiri da wa'azin malamai, suka shiga shaguna da motocin haya, yayin da kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama cibiyar kwafar kaset, kamar yadda marubuci Brian Larkin ya bayyana a littafinsa na 2008. Ɗakin ɗaukar murya na ƙananan garuruwa bai wuce shago mai rikoda biyu da makirufo da lasifika ba, sai daga baya aka ƙara fiyanon Yamaha, bayan da waƙoƙin finafinan Hausa suka samu karɓuwa a ƙarshen shekarun 1990.

Tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Babangida ta ɓullo da shi a 1986 ya karya darajar naira, har sabuwar na'ura ta gagari yawancin masu sana'a, suka koma ga kayan tokumbo, wato kayan da aka yi amfani da su a Turai ko Amurka kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Benin. Hanyar da ta taso daga Kwatano ta bi ta Paraku da Kandi zuwa Malanbil ta sa iyakokin Kebbi suka kasance cikin ƙofofin shigowar irin waɗannan kaya. Amma na'urar da ta riga ta tsufa a wata ƙasa takan iso ba takardar bayani, ba kayan canji, da filogi mai baki biyu irin na Faransa, wata kuma an ƙera ta don wutar Amurka mai ƙarfin bolt 120, ta yadda in aka jona ta kai tsaye da wutar Nijeriya mai bolt 230 sai ta ƙone nan take.

Wannan hali ne ya ɗaukaka mai gyaran rediyo, wanda yakan koyi aikin a gaban ubangidansa shekara da shekaru, kuma yakan tara matattun rikodoji a shagonsa domin ya ciri na wannan ya raya wancan. Cututtukan rikoda sanannu ne a wurinsa. Bel, wato zoben robar da ke juya injin, yakan saki saboda zafi, sai murya ta riƙa jan ƙafa, domin zaren kaset yana bukatar tafiyar santimita 4.76 a kowace daƙiƙa ba ragi ba ƙari. Ƙurar hunturu da ɓurɓushin zare sukan daskare a kan kai, wato ɗan ƙarfen da ke karanta maganaɗisun zaren, sai a goge shi da auduga da sufirit. In kan ya karkace, mai gyara yakan sa kaset ɗin da ya san muryarsa sarai, ya riƙa murɗa ɗan sukurun da ke gefensa sannu a hankali, kunnensa na kan lasifika, har sai amon kalangu ya fito tas. Kwandensa kuwa, wadda ke adana wuta ta daidaita ta, in ta bushe sai gurnani ya shiga cikin sauti, a narkar da dalma a cire kwandensar a dasa wata.

Faifan CD da kwamfuta da memorin waya sun ture kaset a cikin shekarun 2000, kuma da yawa daga masu gyaran rikoda sun koma gyaran waya, ga shi rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya ƙara tsinke hanyar kayan gwanjo. Duk da haka, abin da aka ɗauka a gidajen sarauta da wuraren biki da zaurukan karatu, da Hausa da Dendi da Zabarmanci da Fulatanci, da yawansa yana kan kaset ne kawai, kuma zarensa yana lalacewa da zafi da laima. Ba a iya juya shi zuwa kwamfuta sai da rikoda mai lafiya, rikodar kuma ba ta samun lafiya sai da hannun wanda ya san cikinta, saboda haka adana tarihin baka na wannan yanki ya rataya ne a kan 'yan tsirarun magyaran da suka rage da kuma almajiran da za su gaje su.