Waɗanda Suka Jira 'Yan Boma

Duk wanda ya san barikokin sojan Najeriya ya saba da wasu sunaye da ba na ƙasar nan ba: Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Arakan da Myohaung a Legas, Letmauk a Ibadan. Dukkansu daga yaƙin Boma aka samo su, ƙasar da ake kira Myanmar a yau, inda samarinmu suka gwabza da sojojin Japan a ƙarƙashin tutar Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. An kyauta da aka adana sunayen. Sai dai tarihin da ya tsaya a kansu rabin tarihi ne, domin kowane soja da ya hau jirgin ruwa ya bar gida a baya, kuma gidan nan ya ɗauki wani kaso na nauyin yaƙin da har yau ba a lissafa masa ba. Zaman jiran da iyaye da mata suka yi bai tsaya ga kewa ba. Ya taɓa rumbu, ya taɓa igiyar aure, ya kai har gaban alƙali.

A fara da tsawon lokacin. Sojojin Najeriya sun yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1941. A 1943 Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta tashi zuwa Indiya, daga can ta shiga kwarin kogin Kaladan, sai Runduna ta 82 ta bi bayanta a 1944. Japan ta miƙa wuya a watan Agusta na 1945, amma saboda ƙarancin jiragen ruwa da yawa daga cikin sojojin ba su taka ƙasar gida ba sai 1946. Ke nan damina uku ko fiye gandu ya yi babu hannun saurayin da ya fi kowa ƙarfin riƙe garma. Kuma shekarun nan ba na sauƙi ba ne. Bayan Japan ta kama Malaya a 1942, Turawa suka matsa wa Arewa da aikin tilas a ramukan kuza na Jos, aka kwashi maza dubbai daga ƙauyuka, da yawa suka mutu can saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci. Ana kuma neman gyaɗa ruwa a jallo, ga yunwar da aka laƙaba wa suna 'Yar Gusau, ga tsadar gishiri da kananzir da yadi. Gidan da ya ba da ɗa ga soja yana iya ba da ƙanensa ga kuza a damina guda, a bar tsoho da mata da yara da gona.

Abin da ya fi cin rai shi ne rashin labari. Soja yana iya aiko da wasiƙa, amma galibin sojojin ba su iya boko ba, iyayensu ma haka, sai an nemi mai rubutawa a can da mai karantawa a nan. Maganar da miji zai faɗa wa matarsa a ɗaki sai ta ratsa kunnen baƙi biyu, bayan jami'in soja ya duba ta ya soke duk abin da zai nuna inda runduna take. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, tana kawo labarin yaƙi, mai karatu ya karanta wa jama'a a dandali. To amma jarida tana faɗin garin da aka ci ne, uwa kuwa suna ɗaya take sauraro. Ko sanarwar hukuma ba kullum take daidai ba. Isaac Fadoyebo, wani matashi daga Emure-Ile kusa da Owo, an harbe shi a bakin Kaladan a 1944, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi wata tara tare da abokinsa ɗan Saliyo. A gida an riga an haƙura da shi. Ranar da ya dawo sai da mutane suka watsa masa ƙasa don su tabbatar ba fatalwa ba ce.

Mai musu zai ce Bahaushe ai ba baƙon doguwar tafiya ba ne. Fatake suna shafe shekara a hanyar Gwanja, masu cin rani suna barin gida kowace kaka, mahajjata a ƙasa suna yin shekaru ta Chadi da Sudan kafin su dawo, wasu ma ba su dawo ba. Wannan gaskiya ne, kuma babu shakka ya koya wa gidaje haƙuri. Amma waɗannan hanyoyi namu ne, muna da ido a kansu. Ayari yana gamuwa da ayari, kowane zango yana da mai masauki, wanda ya dawo yana iya cewa ya ga wane a wuri kaza lafiya lau, ko ya halarci jana'izarsa. Boma kuwa bayan teku take, ba mai zuwa ba mai dawowa sai wanda hukuma ta ɗauka, kuma matafiyin ba shi ke da ikon cewa ya gaji zai koma gida ba.

Wani kuma zai ce ai soja yana da albashi, kuma an ba shi damar yanke wani kaso a riƙa biyan iyalinsa. Kuɗin ya taimaki gidaje, ba a musun wannan. Sai dai tsadar rayuwa ta yi ta cinye shi, tsadar da ta sa ma'aikata suka shiga yajin aiki na gama-gari fiye da wata guda a tsakiyar 1945. Sa'an nan kuɗi ba ya amsa tambayar da ta fi damun matar aure, wato ita matar wane ce har yanzu ko takaba ya kamata ta shiga. Fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu suke hukunci da shi ya san wannan matsala tun da daɗewa. A littafin Risala an tanadi cewa matar wanda ya ɓace za ta jira shekara huɗu daga lokacin da ta kai ƙara aka bincika, sa'an nan ta yi idda irin ta mamaci, kuma mace tana da haƙƙin neman rabuwa idan ciyarwa ta yanke. An ma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya iyakance watannin da mayaƙi zai yi nesa da iyalinsa, bayan ya tambayi 'yarsa Hafsa iyakar haƙurin mace. Rundunar Ingila ba ta yi aiki da irin wannan iyaka ba. Saboda haka idan an ji sojan da ya dawo ya tarar matarsa a gidan wani, bai kamata a yi saurin kiran abin cin amana ba. Yarinya ce da ƙuruciyarta, wataƙila da goyo, a gidan surukai da rumbunsu ya yi ƙasa, babu wasiƙa, babu gawa, kuma shari'a ta buɗe mata ƙofa. Wadda ta jira ta cancanci yabo, wadda ta tafi kuma ta cancanci a fahimce ta.

Matan da suka yi wannan jira sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu da jikokinsu da suka ji labarin daga bakinsu suna nan, kuma takardun En'e da na ofisoshin lardi suna ajiye a Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Ɗaliban tarihi na jami'o'inmu su ɗauki rikoda su shiga ƙauyuka, su zauna da tsofaffin nan tun suna iya ba da labari.