Daga Almakashin Gessner Zuwa Katin Cikin Waya

A shekarar 1548, Conrad Gessner, likita kuma masanin halittu mutumin Zurich, ya ba 'yan'uwansa malamai wata shawara mai kama da ɓarna. Ya ce mai son haɗa fihirisa ya yi rubutunsa a fuska ɗaya ta takarda, ya sa almakashi ya yayyanka ta, ya baza guntayen a tebur yana sauya musu wuri har tsarin ya kwanta masa, sannan ya manne su. Wuya ce ta koya masa. Shekara uku kafin nan ya fitar da Bibliotheca Universalis, inda ya yunƙura ya lissafa duk littattafan da aka rubuta da Latin da Girkanci da Ibrananci. Injin ɗab'i ya cika Turai da littattafai, kundin rubutu ɗinkakke kuwa ya gaza, domin abin da aka rubuta a shafi na goma ya zauna ke nan, ko da an gane daga baya cewa a shafi na biyu ya dace.

Sai dai da an manne, sauyi ya ƙare. A wajen 1640 wani ɗan Ingila, Thomas Harrison, ya ƙirƙiro akwati mai ƙugiyoyi, kowace da kanun maganarta, a rataye takarda yau, gobe a mayar da ita wata ƙugiyar. Vincent Placcius ya buga bayaninsa a 1689, shi ma masanin falsafa Leibniz ya mallaki irinsa. Carl Linnaeus na Suwidin, da sunayen tsirrai suka yi masa yawa a ƙarshen rayuwarsa, ya koma rubuta su a 'yan takardu masu girma ɗaya.

Faransa ce ta zo da abin mamaki. Bayan juyin juya hali, gwamnati ta ƙwace ɗimbin littattafai daga gidajen ibada da na masu sarauta, kuma a 1791 ta ba da umarni a lissafa su a bayan katin karta. Kartar wancan zamani bayanta fari ne, ga araha, ga kauri, ga girma kusan ɗaya. Daga baya Melvil Dewey na Amurka ya mayar da kati sana'a: kamfaninsa, Library Bureau, ya yaɗa ma'aunin santimita 7.5 da 12.5. Laburaren Majalisar Amurka ya fara sayar da bugaggun katuna a 1901, yayin da a Brussels Paul Otlet da Henri La Fontaine, waɗanda suka soma a 1895, suka tara kati sama da miliyan 12. Sai a 2015 cibiyar OCLC, mai buga wa laburare katuna, ta buga katunanta na ƙarshe.

A hannun marubuta kuwa kati ya rabu gida biyu, kuma rabuwar tana nan har yau. Vladimir Nabokov ya kasance yana rubuta labarinsa a katuna ba tare da bin jeri ba, ya riƙa cakuɗa su har labarin ya miƙe; littafinsa na ƙarshe, wanda bai kammala ba, kati 138 ne, aka buga shi a 2009 da hoton kowane kati. Niklas Luhmann, masanin zamantakewa na Jami'ar Bielefeld a Jamus, akasin haka ya yi. Ya bar akwati mai takardu kusan 90,000, da yawansu a bayan takardun da aka riga aka yi amfani da su, kuma wadda ya ba wuri ta zauna a nan. Idan sabon tunani ya tsiro daga takarda ta 1, sai ya ba shi lamba 1a ya cusa a bayanta, wani ya zama 1a1, reshe a kan reshe. Idan kuma maganar ta shafi wata takarda can a wani aljihun, sai ya rubuta lambarta kawai. Wanda ya taɓa buɗe gafaka ya ga littafin malamin zaure mai warwatsattsun ganyaye, inda ake rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gabace shi, zai gane dabarar: takarda a sake take, amma tana ɗauke da adireshin 'yar'uwarta. Da wannan akwati Luhmann ya rubuta littattafai masu yawa da maƙaloli ɗaruruwa kafin rasuwarsa a 1998.

Kwamfuta ta gaji gidajen biyu. A 1984 masu bincike a Xerox PARC suka haɗa NoteCards, sannan a 1987 Bill Atkinson ya fito da HyperCard, wadda Apple ta riƙa bayarwa kyauta tare da Macintosh. Tarin katuna ne a allon kwamfuta, ka danna nan ka faɗa can, har malamin firamare yana iya gina nasa. Da ita Ward Cunningham ya fara gwada tunanin da ya haifi wiki na farko a 1995. Wannan zuriyar Luhmann ce, ta haɗa kati da kati, kuma manhajar Obsidian da ta fito a 2020 cikinta take. Zuriyar Gessner da Nabokov, ta baza a sauya wuri, ita ce allon katuna na Scrivener, wadda Keith Blount ya rubuta don ya rasa manhajar da za ta taimaka masa da littafinsa, da kuma Trello ta 2011.

Yawancin masu yawon neman manhaja mai sauƙi ba su tantance gidan da suke so ba. Ɗalibar da ke son jera babukan kundin digirinta ba ta da buƙatar taswirar alaƙoƙi mai ɗaruruwan layuka. Tebur take nema. A nan kuwa takarda ta fi waya, domin kati arba'in suna bazuwa a tabarma ido ya kwashe su gaba ɗaya, fuskar waya kuma da ƙyar ta nuna biyar.

Akwai kuma batun tsawon rai, wanda ya kamata a tambaya kafin a zuba aikin shekaru a cikin kowace manhaja. Apple ta daina sayar da HyperCard a 2004, kuma katunan da mutane suka gina da ita ba sa buɗuwa a Macintosh na yau sai da manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura, irin wadda Internet Archive ta tanada tun 2017. Shi ya sa Obsidian ke ajiye kowane kati a matsayin tsurar rubutu a na'urar mai shi, wanda kowace kwamfuta za ta iya karantawa. Akwatin Luhmann kuwa yana hannun Jami'ar Bielefeld, inda ake ɗaukar hoton takardun ɗaya bayan ɗaya ana ɗora su a intanet, an kuma mayar da lambobin da ya rubuta da hannu wuraren dannawa.