Ƙidayar tsuntsayen ruwa da abin da ke tare mata hanya a Batsari da Safana

Tun shekarar 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama a tsakiyar watan Janairu, kuma ƙungiyar Wetlands International ce ke haɗa alƙaluman. An zaɓi lokacin ne saboda tsuntsayen da suka gudo daga sanyin Turai sun riga sun yada zango, don haka da wuya a ƙirga garke ɗaya sau biyu.

Mai ƙidaya kan fita da sassafe da madubin hangen nesa, ya tsaya inda aka tsaya bara. In garken ya yi yawa, sai ya ƙirga goma ko ɗari, ya auna sauran da su. Wahalar tana wajen tantancewa. Kirinjijiya farar fuska gare ta, kukanta kamar fito. Zalɓe kan naɗe wuya idan ya tashi sama, shamuwa kuwa miƙe nata take yi, ko da yake ba a cika samun ta a ƙidayar Janairu ba, domin baƙuwar damina ce, da rani tana kudancin Afirka.

Alƙaluman suna da nauyi a siyasa. A ƙa'idar yarjejeniyar Ramsar ta 1971, dausayin da ke tara tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai ya cancanci kariya ta duniya. Tafkin Nguru ya shiga jerin Ramsar a 2000.

A Batsari da Safana yawancin tafkuna kan ƙafe da rani, sai madatsar Zobe da ke maƙwabciyarsu Dutsin-Ma ke riƙe ruwa. Babban cikas kuwa tsaro ne. Ƙidaya ba ta da amfani sai an maimaita ta wuri guda shekara da shekaru, kuma 'yan bindigar dajin Rugu sun hana manomi ma zuwa gonarsa, balle mai madubi da littafi. Fadamar da ba a ƙirga tsuntsayenta ba, ko ta lalace, babu shaidar da za a kai gaban hukuma.

Akwai ƙaramar kafa. Shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar APLORI ta Jos ta fara a 2015, ya yanka ƙasar gida-gida, kowane kimanin kilomita 9 a tsawo da faɗi. Mazaunin wuri na iya rubuta tsuntsayen da ya gani a bakin tafkin garinsu, ya tura ta manhajar BirdLasser a wayarsa.