Yawon Ƙafa a Birnin Shehu, Daga Hubbare Zuwa Giginya

A ƙasar Japan, can gabashin duniya, akwai wani birni wai shi Hiroshima. Ran Litinin 6 ga Agusta 1945, da ƙarfe takwas da kwata na safe, wani jirgin saman Amurka ya sako masa bom guda ɗaya tak, irin wanda a ke kira ƙare-dangi. Kafin shekaran nan ta ƙare mutum wajen 140,000 sun halaka. Da mutanen garin suka tashi sāke gini, sai suka bar wani fili a tsakiya don tunawa. Baƙo ya kan taka da ƙafa ya wuce kangon wani babban soro da aka bari yadda wutar ta bar shi, ƙarafan ƙubbarsa a waje kamar haƙarƙarin mushe. Daga nan ya ƙetare kogi, ya iske wani akwatin dutse. A cikin akwatin nan akwai littattafai ɗauke da sunayen waɗanda bom ɗin ya yi sanadinsu, kowace shekara ana ƙarawa, har sun haura 300,000. Duk yawon bai cika mil guda ba.

Ran da muka karanta labarin nan a aji, a Tambuwal, sai wani yaro mutumin Kebbe ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mu fa, ina namu wurin?" Muka yi shiru. Tambayar ta yi, gama ƙasarmu ba baƙuwar yaƙi ba ce. Ita Tambuwal ɗin da mu ke zaune, ribaɗi ce tun asali, watau garin tsaron iyaka, Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu shi ya zauna ta. Saboda haka da hutu ya zo muka kwashi waɗansu yara muka nufi Sakkwato, bisa sharaɗin in mun sauka mota ba mai hawan kome sai ƙafarsa.

Tafiyar mil 60 ce ko kusa da haka. Da muka iso Shagari muka ce wa yara su buɗe ido, don daga nan sawun soja mu ke bi. A watan Maris 1903 rundunar Turawa da ta ci Kano ta biyo ta Kaura Namoda, ta gamu da wata ƙungiya daga Argungu a Shagari, kāna suka miƙa arewa tare. Gaba kaɗan ga Sifawa, inda Shehu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815.

Mun fara da Hubbare, don ba a shiga gari a tsallake mai gari. Nan gidan Shehu ya ke, nan ya rasu a 1817, nan kuma aka rufe shi. 'Yarsa Nana Asma'u na kwance kusa da shi. Muka tuɓe takalma, muka iske baƙi daga nesa, har da na ƙasar Nijar. Abin da ya kamata ku lura da shi, samari, shi ne a wurin nan ba abin da ya ɓace. Masu tsaron wurin sun san kowane kabari da mai shi. Mutanenmu ba su da mantuwa a kan malamansu da sarakunansu.

Daga nan muka bi ta masallacin Shehu, muka ɓulla fadar Sarkin Musulmi da masallacin Bello. Shi Muhammadu Bello ne ya kafa birnin a 1809, amma kabarinsa na Wurno. Ganuwar da ta kewaye garin kuwa, sai dai labari, gidaje da tituna sun cinye ta. Sunayen ƙofofi ne suka saura a bakin mutane: Ƙofar Kware, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kade, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku, da Ƙofar Aliyu Joɗi. Ɗan acaɓa ya kan kai ka kowace ɗaya ba tare da ya taɓa tambayar kansa ƙofar mece ce ba.

To, sai muka fita kudu da tsohon birni, wajen da a ke kira Giginya. A nan ne za mu daɗe.

Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya hau gado a watan Oktoba 1902, bai ko cika wata shida ba abin ya same shi. Kano ta fāɗi ran 3 ga Fabrairu 1903, duk da kaurin ganuwarta. A Sakkwato shawara ta rabu: waɗansu suka ce a yi hijira, waɗansu suka ce a nemi sulhu, waɗansu suka ce a tsaya a yi. Ana cikin haka abokan gaba suka iso. Ran Lahadi 15 ga Maris da safe aka ja dāga a fili, bayan ganuwa. Sarkin Musulmi na tsakiya, Marafa Muhammadu Maiturare na riƙe da gefe guda, Sarkin Rabah Ibrahim na riƙe da ɗayan. Dawaki da dakaru dubbai ne, amma makamansu takobi da māshi da baka, sai 'yan bindigogi kaɗan.

Su kuwa Turawa, ƙarƙashin Kanar Morland, hafsoshinsu 25 ne, da soja kamar 650, da bindiga mai ruwa huɗu, da igwa huɗu. Ga wani abu da littattafan makaranta ba su cika faɗa ba: sojan nan baƙaƙen fata ne, da yawansu ma Hausa su ke ji. Suka tsaya sahu huɗu, kowane sahu ya ba 'yan'uwansa baya, ya zama ta ko'ina ka ɓullo bakin bindiga za ka tarar. Dabarar barade ita ce sukuwa a auka wa abokin gaba a tarwatsa shi da ƙirjin doki. Amma bindiga mai ruwa na zuba harsashi ɗaruruwa a minti guda, doki ba ya isa inda za shi. Kafin rana ta take tsaka an gama. Turawa suka ƙiyasta mutanen Sakkwato da suka fāɗi tsakanin 70 da 100. A nasu gefen ɗan dako guda aka kashe.

Amma ba kowa ya juya ba. Waɗansu mutane ƙalilan suka tsaya gindin tutar Sarkin Musulmi. In mai riƙe da ita ya fāɗi wani ya ɗauka, har suka ƙare. Turawan da suka ga abin da idonsu su da kansu suka rubuta shi, suna yaba ƙarfin zuciyar mutanen nan. Da muka kai nan a labari, yaron nan na Kebbe ya sāke tambaya, "Malam, su wane ne?" A iyakar yawonmu ba mu ga dutse ko allo mai sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Na ɗan dakon ma haka.

Kada a ce an manta da ranar, ba a manta ba. Akwai filin wasa na Giginya, da barikin soja na Giginya, da masauki, da makaranta. Irin tamu tunawar ke nan, mu kan liƙa wa wuri suna mu bar wa baki sauran aiki. A ganinmu dabara ce mai kyau muddin akwai tsoho a zaure da yaro mai saurare. In tsohon ya kau, sai sunan ya zama fanko. Mun tambayi wani saurayi a bakin filin wasan dalilin sunan, ya ce wataƙila dā ana sayar da muruci a wurin.

Bayan yaƙi Waziri Buhari ya komo da jama'a gari, aka yi sulhu. Gwamna Lugga ya iso, ran 21 ga Maris aka naɗa Attahiru na Biyu. Shi kuwa na Ɗaya ya nufi gabas, talakawa suka yi ta barin gonakinsu suna binsa, har Burmi ta ƙasar Gombe, inda aka kashe shi ran 27 ga Yuli 1903 tare da mutane ɗaruruwa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran har Sudan, suka kafa gari a bakin kogin Nilu, sunansa Mai Wurno har yau. Tutar ma tana da nata labari. Turawa sun kama ta a Giginya, ta kuɓuce musu ta koma hannun Attahiru, suka sāke kama ta a Burmi suka tafi da ita Ingila. Sai a 1960 aka mayar wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ita. Wanda ke son ganin irin makaman zamanin da takardunsa, sai ya leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu. Mu mun leƙa a gurguje, don ƙafafun yara sun fara ciwo.

Akwai wuri guda da ba mu kai ba, ko da ya ke mil 14 ne kawai kudu da birni. Sunansa Satiru. A watan Fabrairu 1906 talakawan ƙauyen nan, da Malam Isa da wani malami baƙo mai suna Ɗan Makaho a gabansu, suka tayar wa Turawa da sarakuna gaba ɗaya. Da gatura da fartanyu suka kashe Turawa uku da soja 25, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Ran 10 ga Maris aka komo musu da runduna, da dawakin Sakkwato a ciki. Marafa Maiturare, wanda ya ja dāga da Turawa a Giginya shekara uku kafin nan, a wannan karon yana gefensu. Aka kashe mutum wajen 2,000, aka rushe garin, Sarkin Musulmi ya yi baki ga duk wanda ya sāke gini ko noma a wurin. Mamatan Satiru sun ninka na Giginya sau ashirin, amma ba filin wasa ko makarantar da muka ji an sa wa sunansu.

Da la'asar, muna cikin mota za mu gida, mun wuce Boɗinga, muka nuna wa yara gabas muka ce can ta ke. Suka leƙa ta taga, ba su ga kome ba sai karan dawa da shanu na kiwo.