Diban Gwamna: baffan kakata da ya tafi haƙar kuza bai dawo ba

1/ Jama'a, ku zo mu yi tarihi yau. A gidanmu na Ƙofar Gayan, duk sanda sanyin hunturu ya tsananta, kakata Hajiya kan ce: "Irin sanyin da ya kashe Baffa ke nan." Na girma ina jin wannan magana, ban taɓa tambaya ba sai bana. Ku biyo ni.

2/ Baffan nan ƙanen mahaifinta ne. Manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Zazzau, saurayi, an riga an sa masa rana. Hajiya ba ta taɓa ganinsa ba, a bakin mahaifinta ta ji labarin. Ta ce min: "Ɗan nan, Diban Gwamna ne ya ɗebe shi." To, mene ne Diban Gwamna?

3/ Sai mun leƙa can Asiya tukuna. A farkon 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila. Malaya ce kan gaba a duniya wajen samar da kuza, ƙarfen da ake buƙata a gwangwanin abincin soja da kayan yaƙi. Sai Turawa suka juyo kan tsaunukan Jos.

4/ Dama tun farkon ƙarnin Hausawa ke zuwa Jos da Bukuru aikin kuza don neman kuɗin haraji. Har layin dogo aka shimfiɗa saboda kuzar: ƙaramin jirgi daga nan Zariya, ya isa Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. Yawancinmu 'yan Zariya ba mu ma san an yi shi ba.

5/ Amma masu zuwa da kansu ba su isa ba. A 1942, zamanin Gwamna Bourdillon, aka kafa dokar aikin tilas. Aka yanka wa larduna adadin mazan da za su kawo, ciki har da lardin Zariya. Umarni ya bi ta hannun En'e, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Kafin a soke dokar a 1944, an ɗebi mutum sama da 100,000.

6/ Kun san yadda irin wannan take. Mai hali ya san yadda zai kare ɗansa. Ɗan talaka kuwa, sunansa ne a gaba. Hajiya ta ce ana cikin damina aka kira Baffa, bai gama noman gonarsa ba. Ya tafi da riga ɗaya da tabarma, an ce 'yan watanni ne kawai.

7/ Aikin fa? Diga, shebur, kwanon sarki. A haƙa ƙasa, a ɗora a ka, a kai inda ake wankewa a tace kuzar. Daga safe har yamma, sau da yawa ƙafa cikin ruwa.

8/ Sannan ga sanyi. Jos na kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku. Mutumin da ya saba da zafin Zazzau aka ajiye shi a bukkar bariki mai yoyo, abinci bai isa ba, mutane cunkushe. Ciwon haƙarƙari da atini suka yi ta kwasar mutane. Wurin ginin madatsar ruwa ta Tenti ya yi ƙaurin suna wajen mace-mace.

9/ Da yawa sun gudu cikin dare, suka kama hanyar gida a ƙafa. Wani ɗan ƙauyensu da ya gudo ne ya kawo labari: Baffa ya kwana uku yana tari, ya rasu, abokan aiki suka yi masa sutura suka binne. Babu takarda, babu diyya. Kabarin ma ba wanda ya san inda yake.

10/ Abin da ya fi ci min rai: duk wannan rayukan, kuzar da ta ƙaru ba ta taka kara ta karya ba. Har a majalisar dokokin Ingila an soki tsarin. Masanin tarihi Bill Freund ya rubuta littafi guda kan ma'aikatan kuzar Jos a 1981.

11/ Ku kwatanta. Mutanen Finland da suka yi ƙaura zuwa Michigan ta Amurka haƙar tagulla su ma sun mutu a ramuka. Amma jikokinsu na da cibiyar adana tarihi a garin Hancock, ana iya bin sawun mutum da sunansa. Namu kuwa, an auna kuzar da tan-tan, mutanen aka bar su a matsayin adadi.

12/ Sunan Baffa a bakin tsohuwa ɗaya kaɗai ya rage. Ranar Juma'a na zauna da ita, na kunna rikoda a waya, ta yi minti 40 tana magana. Har sunan yarinyar da zai aura ta tuna.

13/ Idan kana da kaka ko kakan da ya haura 80, tambaye shi yau: "An taɓa ɗibar wani a gidanmu zuwa Jos?" Ka ɗauki muryarsa. In ka samu labari, ajiye mana a ƙasa, da sunan garinku.

Allah Ya jiƙan Baffa da duk waɗanda ke kwance a tsaunukan nan. Amin.